Sun Ce Ina Ɗaukar Zuga

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Sammani maƙeri na Runka, zuwa ga Saude 'yar Malam Ya'u ta Darini.

Ya ke sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiya ga wanda rana ta dafa, Saudena! Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya aikin kaka? Yaya Inna da jiki? Na san ƙawarki Ramatu ce za ta karanta miki wannan, tunda ita ta yi nisa a allo. Ramatu, ki karanta da kyau, ki kuma rage dariya.

Maganar da Baba ya yi a kaina ta iso Runka tun kafin ya rufe baki. Wai ba zai ba da 'yarsa ga mai ɗaukar zuga ba. Ya ce danginmu sun ɗaure kaya za su koma Birnin Katsina saboda mahara, ni ma na ɗaure, sai maganar yarinya guda ta kwance mini kaya. To gobe wani zai yi mini wata magana in sake ɗaurewa, in bar ki da zaman jira. Wallahi ban ji haushi ba. Uba ne, kuma duk mai 'ya irinki dole ya duba hannun da zai miƙa ta.

Sai dai, abar ƙaunata, kalmar nan daga gidanmu ta fita, kuma na san ta tun ina rarrafe. Zuga aikin wanda ke zaune gefen maƙeri ne, riƙe da zugazugin fatar akuya, yana hura iska cikin gawayi har ƙarfe ya yi ja. Daga nan mutane suka are ta. Sai ki ji an ce an zuga wane ya yi faɗa da maƙwabcinsa kan iyakar gona, ko maroƙi ya zuga ɗan dambe ya shiga fage ya kwaso kashinsa a hannu. Mai ɗaukar zuga kuwa shi ne wanda kowa ya hura masa iska a kunne sai ya kama da wuta. Akwai su, ban musa ba, mun ma yi maƙwabtaka da wasu. Amma masu aron nan rabi suka ɗauka, suka bar rabi a maƙera. Ƙarfen da ya ƙi ɗaukar zuga me zai zama? Ko allura ba za a samu ba! Sai ya yarda ya yi laushi sannan guduma ta gyara shi. Idan kuwa aka gama aka tsoma shi a ruwa, to magana ta ƙare, duk iskar duniya ba ta tanƙwara shi.

Kin tuna ranar kasuwar da kika kawo fartanyar Inna da ta karye? Ba ni da mai zuga, na ce ki dawo wani jiƙon. Sai kika tattare zanenki kika zauna, kika kama zugazugi, mutane na kallo suna riƙe baki. Kai, Saude! Kika dinga dannawa kamar mai dakan gero, tartsatsi na tashi, har bakin ƙarfen ya fara ƙonewa ina kallo na kasa cewa ki sassauta. Ni da ban taɓa ƙona ƙarfe ba! Toka a girarki, zufa a goshinki, kika ɗago kika tambaye ni, in duk maƙera suka shige bayan ganuwa, wa zai yi wa mutanen ƙauye abin noma? Ba ki roƙe ni ba, ba ki yi mini daɗin baki ba. Gaskiya kika faɗa, ta shige ni, ban kuma ji kunyar ta shige ni ba.

Tun daga ranar wace irin zuga ce ban sha ba? Baffa Sahabi, ƙanen mahaifina, ya yi mini ta yabo, wai hannu irin nawa takubba ya kamata ya ƙera a Birni. Ya yi ta gori, wai na zama raƙumi da akala a hannun mace. Ya yi ta tsoro, wai wanda ya zauna kusa da dajin Rugu ya sayar da wuyansa. Ya kawo mini labarin 'yan matan Birni har da sunayen iyayensu. Na durƙusa na saurare shi yadda ɗa ke sauraron uba, na ba shi haƙuri, na koma kan aikina. Baba yana iya tambayar kowa a Runka ko na motsa.

Ina son ki, Saude, son da ke hana ni jin zafin wuta. In na tuna muryarki sai in sami guduma a sama na manta abin da zan buga. Har yaushe zan riƙa leƙen hanya ranar kasuwa kamar wanda akuyarsa ta ɓata?

Ga abin da nake so ki faɗa wa Inna ta kai wa Baba. Jiya aka raba kayan aiki, na ce a bar ni da uwar maƙerar kakanmu, ƙaton ƙarfen nan da ake ƙira a kansa, sauran duk su ɗauka. A gidanmu ba a kafa ta sau biyu a hannun mutum guda. Inda ka kafa ta, nan za a yi maka sutura. Ranar da ayarin 'yan'uwana zai kama hanyar Birni, jakina hanyar Darini zai kama. Zan sauke uwar maƙerar a ƙofar gidanku, in roƙi Baba ya nuna mini da sandarsa wurin da zan haƙa in kafa ta. Ko ya ba ni ke bana, ko ya ce sai baɗi, ko ya yi shiru, zai riƙa jin gudumata kowace safiya har ya gaji ya kira ni.

Ke dai ki riƙe zuciyarki, kada kowa ya hura miki tsoro.

Naki ne yau, naki ne gobe, naki har ranar da za a ɗauke ni daga Darini a kan makara,

Sammani