Gudun Jabiru a Dutsen Shafa

Jidda, gidan Dakta
Laraba, watan Janairu, 1993

Zuwa ga matata Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya nauyin jiki, ya ƙafafun da kika ce suna kumbura? Ya Kawu Gwadabe da sauran mutanen gidanmu na unguwar Nuzla, nan Jidda? Allah ya sa kowa ƙalau. Ki yi haƙuri da rubutun. Na san za ki ce kaza ce ta bi ta kan takarda, to ke kika gama firamare, ni a aji uku aka cire ni.

Dalilin wasiƙar, ba zan zo Juma'ar nan ba. Maigidana Dakta Abdulwahid ya sami hutun sanyi a asibiti, ya aro wata mota wajen Baturen da suke aiki tare. Ba ki taɓa ganin irinta ba. Ɗaki ne aka sa wa taya, da gado, da risho, da tankin ruwa, har da ɗan bayi kamar akwati. Karafan suke ce mata. Ya ce za mu hau duwatsun Shafa, can bayan Ɗa'ifa, mu yi mako, shi yawo da gudu, ni girki. Matarsa Hajiya Bashira ta ce ita ba ta baro Zariya don ta kwana a mota ba, mu je mu dawo lafiya.

Na tuna masa ba ni da iƙama, takardar zaman ƙasa, ga shingen askarawa a hanya. Ya yi dariya, wai wa zai buɗe motar likita. Mutumin kirki ne, sai dai mai takarda a aljihu bai san halin da muke shiga ba in an ɗaga wa mota hannu. Ban ja da shi ba. Kin kusa sauka, ba lokacin rasa aiki ba ne.

Kin san dokar da Kawu ya ba ni tun ranar da na gama umara na ƙi komawa. Ya ce marar takarda ba ya gudu a ƙasar nan. Ko kare ya biyo ka, ko bas zai tafi ya bar ka, taka a hankali kamar ubanka ne ya gina unguwar, domin askar ba ya kallon mai tafiya, mai gudu yake bi. Shekara shida ban ɗaga ƙafa ba. Yau ga ni zan raka mutumin da zai yi tafiyar yini don ya je ya yi gudu, ba abin da ya koro shi.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki ɗauki jarkar ruwa, ki bar wa maƙwabciyarki Azumi.

Mijinki,
Jabiru

Shafa, ranar Asabar

Zaituna,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina cin abinci ko ba kya so. Mu mun iso lafiya. Zan ba Rafi'u wannan, wani Bahaushe haifaffen Ɗa'ifa mai kai kayan lambu Jidda, sau biyu a mako yake bi ta nan.

A shinge, ƙarƙashin gado na shiga, Dakta ya jera buhun gawayi da barguna a bakin wurin. Na ji an tsayar da mu. Na ji takalmin askar yana zaga motar, ya buga jikinta da hannu daidai kaina. Ashe sha'awa ta ba shi, tambaya yake ko ta sayarwa ce. Suka yi ta hira da dariya, ni kuwa atishawa ta taso mini saboda gawayin, na ciji hannuna har ya yi jini. Da muka wuce Dakta ya ce, ka gani ko? Na ce na gani.

Wurin nan ba kamar Saudiyyar da muka sani ba. Sanyi har cikin haƙori. Ruwan alwala sai na ɗora a risho. Bishiyoyi gajeru ne, murɗaɗɗu, duk sun karkata gefe guda kamar tsofaffi a sahu. Gajimare kuwa ba a sama yake ba, tahowa yake daga kwari ya rufe mutum, ka miƙa hannu ka rasa yatsunka. Ga birai manya masu jan gindi, suna zama kan dutse suna kallon tukunyata kamar su suka sayi naman. Jiya babbansu ya ɗauke mana burodi a gabana, bai ko yi sauri ba.

Gidajen da ke kusa duk a kulle, na masu zuwa hutun zafi ne. Mai zuma ɗaya na gani, shi ma ya daɗe yana kallona kafin ya amsa sallama. Abin da ba ya fashi shi ne motar askarawa masu sintiri. Kullum bayan la'asar takan bi titin da ke ƙasa da mu. Tun daga nesa nake gane kukan injinta, in shige karafan in ja labule.

Dakta kamar an sako ɗan maraƙi. Safe da rana yana kan wata siririyar hanyar awaki da ta bi bakin kwari. Ya ba ni tsohon takalminsa na gudu, ya ce yalla tsoho, ɗaga ƙafa, ni da na girme ka ina barin ka a baya. Nakan ce ya je, ina tafe. Ina binsa da butar shayi, ina kallon inda yake takawa. Duwatsun hanyar nan in gajimare ya taɓa su santsi suke kamar sabulu. Na faɗa masa, ya ce a Ingila ya yi gudu a wuraren da suka fi wannan. Makullin motar ma a wuyansa yake rataye shi, ko da yake da shi da babu duk ɗaya ne a wurina, tunda ban iya tuƙi ba.

Ban san me nake tsoro a wurin nan ba, Zaituna. In Allah ya yarda Laraba muna gida.

Ki gaida Kawu.

Naki,
Jabiru

Jidda, gidan tarhil
Ranar Lahadi

Zaituna, matata,

Assalamu alaikum. Kafin komai ki zauna, ki yi bisimilla. Lafiyata ƙalau, ba inda ke mini ciwo. Ya jikinki, ya motsin ɗan? Na san labari ya riga takardata zuwa, cewa ina tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Gaskiya ne. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina, ba daga bakin 'yan unguwa ba.

Ranar Litinin bayan azahar muka fita, gari garau. Muna tsakiyar hanyar awakin nan gajimare ya taso. Dakta yana gabana da gudu, ina jin takunsa ba na ganinsa. Sai na ji duwatsu suna gangarawa, da ƙara guda ɗaya, sai shiru.

Da rarrafe na kai wurin. Ya faɗa kan wani ɗan tudu a jikin kwarin, zurfinsa kamar daga saman bene zuwa ƙasa. Ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini yana bin fuskarsa. Na kwance mayafina na zura, bai kai ko rabi ba. Na gwada sauka, dutsen ya ɓalle a hannuna. Ya ɗago kai ya ce in nemo mutane, amma in nemi manoma, kada in je wajen askarawa. Ki duba, a halin da yake ciki ya tuna da ni. Daga nan na yi ta kiransa bai ƙara amsawa ba.

Na gangara titi. Ba manomi, ba mai zuma, ranar ba ta Rafi'u ba ce. Mota ɗaya ta zo, na ɗaga hannu, mai ita ya ƙara wuta. Ban ga laifinsa ba. Na tsaya ina jin sanyi yana ƙaruwa, na san in rana ta faɗi yana can a rigar gudu, ko jinin bai kashe shi ba sanyi zai ƙarasa shi.

Sai na ji kukan injin nan da na sani. Wallahi kafin in yi tunani jikina ya riga ya kai ni bayan dutse. A nan na tsuguna, na tuna ke, na tuna ɗan da ban gani ba. In na yi shiru za su wuce. Ba wanda zai taɓa sani.

Na kuma yi wani lissafin. In na tare su da wannan Larabcin nawa na kicin, kalmar farko iƙama ce. Su sa ni a mota, su kai ni ofis, kafin a samo mai fahimtar maganata gari ya waye. Sai maganar Kawu ta faɗo mini: askar mai gudu yake bi.

Na fito tsakiyar titi na tsaya har fitilarsu ta haska ni sosai. Na kalle su, suka kalle ni. Sai na juya na zura da gudu, na kama hanyar awaki.

Na ji birki, na ji ƙofofi. Su biyu ne, saurayi da wani dattijo mai tumbi, suna ihu waggif, waggif, wato tsaya. Na ga bindiga a ƙugun saurayin tun a titi, saboda haka duk gudun nan tsakiyar bayana kaikayi yake, ina jiran ta. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, na fi su sauri. Sau biyu na ji takunsu ya ɓace a gajimare, dole na rage, na shuri duwatsu, na yi tari don su ji inda nake. Kin taɓa jin wanda ake kora yana jiran mai korarsa?

Da na kai wurin na kwanta rub da ciki, na miƙa hannu ƙasa. Saurayin ya faɗo kaina ya murɗe mini hannu, yana haki yana zagi. Ni dai ina cewa daktur, daktur, tahat, wato likita yana ƙasa. Allah da ikonsa, a lokacin Dakta ya yi nishi. Dattijon ya leƙa, ya yi salati.

Kafin magariba mutane sun zo da igiyoyi an fito da shi. Dattijon ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini, ya zuba mini shayi daga butata. Sai da na shanye sannan ya tambayi iƙama, a hankali, kamar mai jin kunya. Na ce babu. Ya daɗe yana kallon takalmina. Ya ce tun a titi ya riga ya sanar ta rediyo cewa suna bin mutum, ba yadda zai koma hannu wofi. Halas, shi ke nan. A gaban mota ya zaunar da ni, ba a baya ba.

Dakta yana asibiti a Ɗa'ifa, ƙafar ta karye wuri biyu amma ya farfaɗo. Hajiya Bashira ta zo nan tana kuka, ita za ta kawo miki wannan. Ta ce yana ta aike a nemo mini kafili, wanda zai tsaya mini a yi mini takarda. Allah ya saka masa, amma kada ki ɗora rai. An ɗauki hoton yatsuna, an kira sunana cikin 'yan jirgin Kano na Alhamis.

Don girman Allah kada ki zo ƙofar nan. Ke ma ba ki da takarda, kuma ba na so ki haihu a wurin nan. Ki zauna wajen Kawu har ki yi arba'in. Ki ce masa dokarsa gaskiya ce, na gwada ta.

Ki yafe mini da ba zan yi wa ɗanmu huɗuba da bakina ba. Wannan ne yake hana ni cin abinci. Na yi ta juya abin, ko da zan sake tsugunawa bayan dutsen nan, ban ga yadda zan bar motar ta wuce ba, in dawo in riƙe jariri da hannun nan.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. A cikin tsoron nan duka, da ƙafata ta kama dutse, sai na ji ni ne yaron da ke rigan awakin Inna hawa dutsen Rano. Ashe suna nan, ƙafafun. Ni na ɗauka na manta.

Zan jira ki a Rano, gidan Inna. In kin yi ƙarfi ki taho mini da shi gida, mace ce ko namiji. Ba na so ranar da ya fara gudu a lungun Nuzla ki ce masa tsaya.

Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaida Azumi da kowa.

Mijinki har kullum,
Jabiru