Buhu Shida Na Fasassun Tangaran

Litinin, 9 ga Maris
Mista Purvis, shugabanmu a gandun tarihi, tsohuwar gonar bayi da baƙi ke zuwa kallo, ya sa ni share kurmin da ke bayan kangon matsar rake kafin 'yan makaranta su zo. Mutane ba su da ta ido! Fasassun tangaran, kwalabe, katantanwar teku, ko'ina. Buhu shida na cika. Ya yaba mini.

Lahadi, 15 ga Maris
Bayan coci na ci abinci a gidan Goggo Ozella, yayar babana. Ina ta cika baki da buhunana, sai ta ajiye cokali.

"Thaddeus, gefen rafi? Ƙarƙashin manyan itatuwan nan?"

Na ce nan ne.

"Kai, ɗan nan! Uban wa ya ce maka shara ce? Kaburbura ne! Tun zamanin bauta mutanenmu suke can. Wa zai ba su dutse mai suna? Kofin da mutum ya sha ruwan ƙarshe da shi ake fasawa a ɗora masa. Kakata tana can."

Na ture kwanon abincina gefe. Shekara huɗu ina yankan ciyawa a wurin nan. Allon tarihi ya faɗi sunan mai gonar, har da na dokinsa. Ban taɓa tambayar inda aka binne bayinsa ba.

Litinin, 16 ga Maris
Gobe motar shara za ta zo. Na tono buhunan daga juji, duka shida. Da na gaya wa Purvis kaburbura ne a kurmin, sai ya ce: "Na rantse babu su a taswira."

Alhamis, 19 ga Maris
Na kai Goggo kurmin da sandarta. Hankalina ya tashi da na ga wurin. Fes! Ni na bi shi da manjagara, babu sauran alamar wane kofi ne na wa. Da na zazzage buhunan, kofi ɗaya kawai ta gane, mai shuɗin fure.

"Na Mama Tenah ne, kakata. Wajen saiwar can, ina jin."

Na ce sauran fa?

"Jera dai. Sun san kayansu, za su raba."

Na durƙusa na jera.

Asabar, 21 ga Maris
Ni dai ban yarda matattu na neman kofi ba. Amma yau wani baƙo ya sunkuya zai ɗauki katantanwa ya yi tsaraba, na daka masa tsawa har hularsa ta faɗi.

"Ajiye! Ta kakarmu ce."

Ban ma san a kan wa take ba.