Furen da Ya Ƙi Taki

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ruwan Kalaba? Ya maigidanki da yara? Mu nan Mafara lafiya lau, alhamdulillahi.

Furen okid ɗin da kika aiko mini saura kaɗan ya mutu. Baba ya ga saiwarsa tsirara cikin gawayi, ya ce an wulaƙanta shi. Ya juye shi a tukunya, ya cika ta da ƙasar fadama da takin shanu, yana ba shi ruwa kamar albasa. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta soma ruɓewa. Da ƙyar ya bari na mayar da shi cikin gawayi, na rataye shi a inuwar mangwaro.

Yaya, jiya ya buɗe! Fari fat, ƙamshi har zaure. Baba ya daɗe yana shinshinawa, ya ce, "Wanga abu, ba ƙasa ba taki, mi shika ci?" Ni ma ban sani ba.

Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a. Don Allah ki tambayo mana amsa da wuri, don na ga Baba ya ajiye buhun taki a gindin mangwaron.

Ƙanwarki,
Rabi