Zoben Bargar Baba

Kudai, Makka.

Zuwa ga Yayana Mukhtaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Damagaram. Allah Ya ƙara lafiya, Ya rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Nasir yana ta fama da motocin alhazai, an kuma yaye 'yarmu Ilham. Baba ne dai jikin sai a hankali, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ka tuna tsohuwar bargar gidan gonar nan ta bayan unguwar Misfala, inda Baba ya yi wa masu gidan kiwon dawaki tun yana saurayi, inda aka haife mu a ɗakin ajiye keken doki? Yaya, an rushe ta. Magada sun sayar, wai otal za a gina. Ka san tun da idonsa ya tafi muka dawo da shi wurinmu, amma kullum da safe sai ya lalubi sandarsa ya ce zai je ya zuba harawa, ga dawakin da aka sayar tun muna yara. Nasir yakan kai shi, ya shafa zoben ƙarfen nan na jikin bango inda a da yake ɗaure baƙin dokinsa akawal, ya ɗan zauna, ya dawo ya ci abinci har da neman ƙari. Baba da barga, sai ka ce ita ta haifa masa mu, ba Inna ba.

Da katafila ta shiga, muka rasa bakin gaya masa. Yau mu ce an tare hanya, gobe mu ce mota ta lalace, to amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Nasir ya roƙi ma'aikatan suka tono masa zoben cikin ɓaraguzai, muka kafa shi a bangon ɗakin Baba, ni a wautata ina ganin gata na yi masa. Na kama hannunsa na ɗora a kai. Ya daɗe yana shafawa, har ya gano inda igiya ta ci ƙarfen. Sai ya ce shi ya kafa zoben nan da hannunsa, kuma ba ya fita sai in bango ya faɗi. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ni ce na yi kukan.

Tun ranar bai sake neman sandarsa ba. Abinci sai da lallashi, ya yi loma biyu ya kau da kai. Wallahi tsoro nake ji. Kai kaɗai yake ambata yanzu, wai kai ne kake riƙe masa linzami in zai ɗaura sirdi. Don Allah ka nemi bizar Umra ka taho. Barga ta tafi ba ku yi sallama ba, kada na Baba ma ya zama haka.

Ka gaida matarka Maryama, da Gwaggo Kabira, da Sufyan. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Rahmatu