Tun Da Na Haihu Nake Jan Ƙafa

Anti Talatu, don Allah ki ba ni shawara, abin ya ishe ni.

Ni malamar firamare ce a Hanwa. Bara na haifi ɗana na fari, Kevin, a wani asibiti a Sabon Gari, bayan doguwar naƙuda. Da na sauko daga gado sai na ji ƙafata ta hagu kamar ba tawa ba, silifas ma zamewa yake. Ga fitsari yana zubo mini ban sani ba. Na faɗa wa nas-nas ɗin, suka ce gajiyar haihuwa ce, in je in yi wankan jego. Na yi wankan har fatata ta saɓule. Surukata ta kawo jiƙe-jiƙe, matan zumuntar cocinmu suka yi ta addu'a.

Sai da yaron ya fara rarrafe wata ɗalibar likitanci ta ga tafiyata a kasuwar Samaru, ta tura ni sashen gashi, wato fisiyo, na wani asibitin daban. Likitar can ta ce jijiya ce ta dannu wajen haihuwa, kuma da na zo da wuri da abin ya zo da sauƙi. Yanzu ba na goyo, don na taɓa faɗuwa da shi kusa da murhu. Na ajiye koyarwa saboda yara suna toshe hanci. A coci ma bencin baya nake zama.

Wadda ta sallame ni, Sista Lucia, aminiyar mamata ce. Maigidana Japheth ya ce in bar wa Allah. Amma ƙanwata Ƙauna cikinta ya tsufa, kuma a asibitin da na haihu take awo. In je in wanke su tas, ko in yi shiru?

Maijego, Hanwa

AMSA

Ƙanwata, sannu. Abin da ya same ki ba ƙarami ba ne, kuma ba laifinki ba ne. Ba zan yi miki alkawarin ƙafar za ta dawo yadda take ba. Amma kada ki fasa zuwa gashi. Ki faɗa wa likitar zancen fitsarin ba kunya, likitan mata ma ya duba ki. Ki roƙi a koya miki dabarun ɗaukar yaro da yin girki a zaune.

Sista Lucia kuwa, ban ga mugunta ba. Sau da yawa nas ɗaya ce kan mata barkatai, wasu kuma ba a taɓa nuna musu cewa maijego na buƙatar fisiyo ba. Sai dai uzurinta bai ɗauke miki ciwo ba, shirunki kuma wata matar zai kayar. Zagi zai sa su kare kansu ne kawai.

Ki nemi likitar gashin ta raka ki wurin shugabar nas-nas ɗin asibitin da kika haihu, ta nemi a ba ta wata safiya ta koya musu alamomin da za su duba kafin sallama. Ki taka a gabansu, su gani da idonsu. In sun ƙi, Ƙauna ta sauya asibiti. Japheth kuma ya biyo ki, barin wa Allah bai hana shi riƙe miki hannu a kan matakala ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya Kevin.