Sunan Eusebio

Madrid, Litinin, 3 ga Maris

Zuwa ga aminina Eusebio,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya Nieves da jikoki? Ni yau da sauƙi, sai dai tarin bai sake ni ba, ƙafafuna kuma sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Tun Kirsimeti ban sauka daga benen nan ba.

Masu adana tsoffin finafinai sun gyara fim ɗinmu, "Matar Mai Gishiri", za a sake nuna shi a Mayu. Wata yarinya ma'aikaciyarsu ta zo, ta ce ba ta taɓa ganin namijin da ya san zuciyar mace kamar ni ba. Fiye da shekara hamsin ina jin wannan yabo ina murmushi. Kai ka san yadda muke aiki a gidan kofi: ni in rubuta maganar maza, kai ta mata. Kakan fizge takardata ka ce, "Anselmo, jakin banza, wace mace ce take magana kamar limamin coci?"

Da masu tace finafinai na gwamnatin wancan zamani suka ƙi sunanka saboda zaman kurkukun da ka yi, muka shirya a sa nawa kaɗai na ɗan lokaci. Waccan gwamnati ta shuɗe, na yi shiru. Aka ba ni lambar yabo, na hau dandamali na gode wa mahaifiyata. Kana zaune a layi na huɗu. Na gan ka.

Wannan karon na faɗa wa yarinyar gaskiya. Za su mayar da sunanka, amma sai ka sa hannu kafin Juma'a, ranar da za su rufe aikin. Takardar tana wurina. Ka zo ranar Alhamis da rana, maƙwabciyata Doña Herminia za ta dafa mana cocido, farfesun nan na nama da wake. Ko ba za ka kula ni ba, ka sa hannu ka tafi.

Naka,
Anselmo

Juma'a, 7 ga Maris

Eusebio,

Ina gaishe ka, da fatan ba rashin lafiya ba ce. Ni ƙirjin ya ƙara nauyi.

Jiya na yi aski, na sa kwat. Ƙarfe huɗu Doña Herminia ta ce, "Don Anselmo, ci abincinka, ba na dafa wa kujera." Ban iya ci ba.

Yau da safe yarinyar ta karɓi takardar yadda ta kawo ta, babu sa hannunka. Na roƙe ta su cire nawa sunan ma. Ta ce doka ba ta yarda ba.

Ba ka zo ba. Ban ga laifinka ba. A gaida Nieves.

Anselmo