Farantin Ƙanƙarar Baba

Anti, don Allah ki agaza min, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni malamar kimiyya ce, aikin da na gada daga Baba. Muna yara, teburin kicin ne ajinsa. Zai zuba ƙanƙara a farantin Mama, mu zuba ido har ta narke, ya mayar da ruwan firji ya daskare, Mama kuwa tana ta mitar an jiƙa mata tebur. A nan ya koya mana cewa ba a faɗin abu biyu "suna rikiɗa zuwa juna" sai in kowanne na iya komawa ɗan'uwansa. Sai ya ƙyasta ashana ya ƙona takarda, ya ce wanda ya isa ya dawo da ita daga toka. Yayana har ya taɓa gwadawa da gam, muka sha dariya. Duk wanda ya furta kalmar nan a gabansa, dole ya nuna wa Baba hanyar dawowa.

Yanzu mantuwa ta cinye Baba. Ni ke ba shi abinci a baki, Inna yake kirana, wai ni ce mahaifiyarsa. Likita ya ce hankalinsa ba zai dawo ba. Bara da na zo wannan darasin na rikiɗa a aji, ina zana kibiya mai tafiya da mai dawowa a allo, kuka ya ƙwace min a gaban ɗalibai. Ga shi darasin ya sake zagayowa. Ina kewar Baba alhali yana ɗakin kusa da nawa. In bar wa wani malamin darasin?

'Yar Malam

'Yar Malam, sannu. Kukanki ba abin kunya ba ne, kuma in kin miƙa darasin bana, babu mai zarginki. Amma baɗi fa?

Ba zan yaudare ki ba, ciwon Baba hanya ɗaya yake bi, kuma shi kansa ba zai yarda mu kira shi da wani suna ba. Sai dai na ga kin yi tsallake a lissafinki. Wanda ya ba ki abinci a baki, yau ke ke ba shi. Hanyar dawowar da yake tambaya ke nan.

Ki koyar da darasinki, ki faɗa wa yaran wajen wa kika koye shi. Kafin ranar, ki kai masa ƙanƙara a farantin nan, ki zauna kusa da shi. Ko bai gane ki ba, ki bari ya riƙe ta har ta narke a hannunsa. Ke sai ki mayar da ruwan firji.

Allah ya ba shi sauƙi, ya ƙara miki juriya.